Robar da Zakariya'u Ya Ɗaure Ƙirjinsa da Ita

Kafin a kira sallar asuba Zakariya'u yana bakin rijiyar burtsatse ta Jiratawa, yana shafa tiyo da tafin hannunsa don ya ji inda yake yoyo. Shekara ashirin da uku ke nan yana raba ruwa ga masu filaye. Ba ya da yawan magana. Idan tiyo ya kumbura ya kusa fashewa, sai ya yanko robar tsohuwar taya ya naɗe wurin tamau, ya ci gaba da aikinsa. Haka ya gyara na kowa, har mutanen Tibiri kan kawo masa nasu bisa babur.

A rani ciwon ƙirji ya fara kama shi. Ranar da ya faɗi cikin zogala, abokin aikinsa Maliki ya ɗora shi a kabu-kabu zuwa Maraɗi. Bayan hotuna da gwaji, likita ya zana masa abin a takarda. Ya ce jijiyar da ke kai wa zuciya jini ce ta kumbura a wuri ɗaya, fatarta ta yi siriri.

"Kamar tiyo ke nan," in ji Zakariya'u.

"Kamar tiyo, Baba," in ji likita. "Sai dai wannan daga ciki ake gyara ta. A Yamai za su zura ɗan bututu ta jijiyar hannunka, su rufe wurin. Ka sha waɗannan ƙwayoyi kar jini ya daskare, ka bar ɗaukar nauyi, ka tafi cikin satin nan."

Kalmar tiyo ita ta shiga kansa, sauran bayanin ya wuce. Da ya koma gida ya yanko roba mai faɗi ya naɗe ƙirjinsa ƙarƙashin riga. Matarsa Tahira ta gani ta riƙe baki.

"Malam, kai injin ne?"

"Wane tiyo ne na ɗaure ya fashe?"

Ta ba shi ƙwayoyin, ya sha. Tafiyar ce ya ƙi. Alkama tana fitar da kai, kuma shi kaɗai ya san wane fili ke biye da wane a layin ruwa, babu shi a rubuce ko'ina. Ya ce in an yi ban ruwa na ƙarshe zai tafi. Sati ɗaya ya zama biyar.

Maliki ya gaji da lallashi. "Kai tsohon banza, alkamar nan ta taɓa yi maka sannu? Koya mini layin ka tafi."

"Kai da ko igiyar wandonka ba ka iya ɗaurewa?"

Duk da haka ya koya masa, kwana uku suna bin hanyar ruwa fili-fili, yana tsayawa yana dafa gwiwa yana haki. A rana ta huɗu Tahira ta haɗa masa jaka, Maliki da maƙwabta suka raka su tashar motocin Yamai.

Bai kai Yamai ba. Motar ba ta wuce Konni ba jijiyar ta fashe, ya cika, kansa a kafaɗar Tahira. An yanke alkamar bayan sati biyu, ta yi kyau, ba wanda ya ji daɗin faɗin haka.

Waɗanda suka raka shi tasha ba su manta abin da ya yi kafin ya shiga mota ba. Ya juya baya, ya cusa hannu cikin riga, ya warware robar a hankali. Ta bar masa shaida baƙa a fata. Ya naɗe ta ya miƙa wa Maliki.

"Tiyon da ke filin Abdu ya fara kumburi wajen mahaɗa. Kar ka bari ya kai gobe."