Man Zaitun a Bayan Roko

Shekara arba'in Roko yana kai masu iyo tsibiri a kwalekwalensa, ba ko riga. Man zaitun matarsa Luce ke shafa masa a baya, wai shi ke kare rana. In ya ga mai rigar iyo, sai ya ce, "Ɗan'uwa, wanka ka zo ko coci?"

Yatsan Luce ne ya fara jin wani baƙin tabo a bayansa. Likita ya yanke sau biyu. A na uku bai ɗauki wuƙa ba, ya ce ciwon dajin fatar ya riga ya yaɗu.

Bana ɗansu Marin ke jan kwalekwalen. Ya fito ba riga.

"Sa rigar," in ji Roko daga inuwa.

"Haba Baba, coci zan je?"

Roko ya juya a hankali, ya ɗaga tasa rigar, ya nuna masa bayansa. Marin ya koma ciki ya sako.