Karyar Tsohon Ka'akiyya

A bakin kasuwar tumaki ta Ka'akiyya, Lurwanu mai sayar da ruwa yakan ga wani tsoho a inuwar bango, karyar farauta kwance a gefensa. Bai san sunansa ba, amma Hausarsa ta wanda ya tako Hajji da ƙafa ce, bai koma gida ba. Karyar ba ta da kyan gani. Kunnenta ɗaya a yage yake, tafin ƙafafunta ja da lallen da yake sa mata saboda duwatsu.

Yau wani attajiri ya kawo farin karensa mai gashi kamar alharini, yana so a haɗa su su haihu. Tsohon ya daɗe yana murza tafin ƙafar karen.

"Alhaji, ya taɓa fita iyakar Harami?"

"Ya ammi, baffana, me zai kai shi?"

Lurwanu ya gane tambayar, don ba a farauta a cikin Harami, ƙasa mai alfarma da ta kewaye Makka.

Tsohon ya sauke ƙafar a hankali. "Masha Allah, kyau kam akwai. Amma zomon da 'ya'yan karyata za su kamo shi ne miyar gidana. Tafin nan ya fi hannun jikata laushi, ba zan haɗa su ba."