Gwaggo Mai Kiwon Soson Ruwa

Ƙarfe bakwai saura kwata take buɗe ɗakin gwaje-gwaje na kwalejinmu. Ta ajiye jaka, ta ɗauraye hannu da ruwa zalla, sannan ta bi tankunan gilashi guda tara ɗaya bayan ɗaya, tana sunkuyawa tana sansana ruwan. Ta ce hanci ya riga ido gane ruwan da ya fara lalacewa. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka. A takarda, mai kula da kayan gwaji ce. Mu dai Gwaggo muke ce mata, har shugaban sashe. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani.

Abin da take kiwo ba ya kuka, ba ya motsi. Soson ruwa ne, wani abu mai kama da gansakuka da ke manne wa ruɓaɓɓen itace a rafi. Ranar da na fara ganinsa na ce, "Gwaggo, wannan ai datti ne."

"Datti? Yayanki ne, ki gaishe shi."

Daga bakinta na fara jin cewa dabba ce. Ba baki, ba ciki, ba ƙwaƙwalwa; ruwa yake zuƙa ta 'yan hudojin jikinsa ya tace abincinsa. Masana sun ce zuriyarsa na cikin mafi daɗewa a dabbobin duniya, tun kafin a samu mai ƙashi ko mai ido. Gwaggo ba ta da digiri, amma malamai nawa na gani sun zo suna tambayarta a hankali, kada ɗalibai su ji?

Maigadi ya shaida mini cewa ko a dogon hutu ba ta tsallake kwana biyu ba ta leƙo ba. Direban kwaleji kuma har yau yana ba da labarin ranar da injin hura iska ya mutu, ta aro famfon kekensa, ta yini tana hura wa tankuna iska da hannu har kafaɗarta ta riƙe.

Ni kuwa a shekarar ƙarshe na zo hannunta, da goyon 'yar wata huɗu. Aikina shi ne in matse soso ta cikin ƙyalle mai laushi har ya zama kamar ruwan ƙasa, sannan in rubuta yadda ƙwayoyin jikinsa ke neman juna su sake haɗuwa. Ban yarda in shiga da 'yata ɗakin ba saboda magunguna masu hawa kai da ake ajiyewa a ciki. Kafin in buɗe baki Gwaggo ta ja benci baranda, ta karɓe ta.

"Kawo uwar ɗakina. Je ki duba naki 'ya'yan."

Saura mako uku a miƙa aiki na yi ɓarnar. Na ga ƙaramin tankina da farantan gwajina sun yi kore, raina bai kwanta ba. Na wanke su tas da sabulu, yadda nake wanke kwalbar nonon 'yata, na mayar da soson ciki. Washegari ruwan ya yi fari, yana wari, soson ya mutu. Na sauran tankunan duk da masu aiki a kansu. Rafi kuma ya cika ya batse, ba mai shiga ya samo wani. In ban miƙa ba sai in maimaita shekara, na kuma san ba zan maimaita ba. Ba zan ƙara shekara guda ina jan jaririya a hanya ba. Na fara tattara littattafaina.

Gwaggo ta sansana tankin, ta dube ni.

"Sabulu?"

Na gyaɗa kai.

"Tsabtar mai jego! Wanda ya fi ki ma ya yi, ba zan faɗi sunansa ba, ofishinsa na sama. Ajiye jakar nan."

Ta hau kujera ta sauko da wani tsohon gwangwani daga saman kabad. Ɓawon itace ne a ciki, busasshe, da wasu 'yan ɗigo-ɗigo kamar kan allura. Ta ce idan soso ya ji rafi zai ƙafe, sai ya dunƙule ƙwayoyinsa cikin waɗannan ya jira ruwa. Duk rani takan je ta ɗebo, ba wanda ya sa ta. Ta zuba kaɗan a ruwan rafi, ta ce kada in taɓa, kada in girgiza. Ita da kanta ta hau sama ta shawo kan malamina aka sauya mini aikin zuwa yadda ɗigo-ɗigon nan ke farfaɗowa.

Kwana huɗu ba komai. Rana ta biyar na duba ta madubin ganin ƙananan halittu, sai ga wani farin abu ya fito yana shimfiɗuwa a kan gilashi. Kafin mako ya zagayo ya buɗe hudoji yana jan ruwa. Na fito baranda ina hawaye.

"To, kuka kuma na mene ne? Karɓi, ta jiƙa mini zane."

Na miƙa aikin saura kwana biyu. Yau ina koyarwa a makarantar sakandare.

Gwaggo, ke ce ba ki taɓa ce mini in zaɓa tsakanin 'yata da karatuna ba. Ke ce kika ga laifina ƙiri-ƙiri, kika rufe shi da wasa don kada kunya ta kore ni. Uwar marasa baki, mai tanadin rani. Na gode. Allah ya huta gajiya, ya ba ki masu riƙe ki yadda kika riƙe mu.

Ku kuma masu karatu, ba sai kun san soson ruwa ba. A wurin aikinku ko makarantarku akwai wata mai goyo da ta fara tattara kayanta, ba ta gaya wa kowa ba. Ku miƙa hannu ku karɓi jaririn, ku ce mata ta ajiye jakar.