Burtali a Cikin Waya

Aikina duba dabbobi ne. Na fi shekara ashirin ina yawo a kan babur tsakanin Kura da Bunkure, akwatin allurai ɗaure a baya, daga wannan ruga zuwa waccan. Hanyoyinmu bin ruwa suke yi. Ka hau gefen babban kanal ka yi ta tafiya, shinkafa a dama, tumatir a hagu, har ka iske kwalbati ka tsallaka. In ka kuskure ka wuce shi, sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka sami wani, kana hango inda za ka amma ruwa ya raba ku.

Ban taɓa zaton zan yi hulɗa da taswirar waya ba. Ƙanwata ce ta jawo. Ma'aikaciyar jinya ce a cikin birni, can ta yi aure. Wata Asabar da hantsi ta taso a motarta za ta duba Inna, wadda ciwon ƙafa ya matsa wa a lokacin. Ta tarar an toshe kwanar da ta saba bi saboda gyaran titi, sai ta kunna wata manhaja mai nuna hanya tana magana. Muryar ta bi da ita ta cikin gonakin albasa, ta kai ta bakin wata 'yar siririyar gada wadda ko amalanke ba ya wucewa, ta ce mata ta miƙe.

Ta kira ni. "Yaya, ga hasumiyar masallacinmu ina gani, amma na rasa yadda zan iso."

"Me ke gabanki?"

"Ruwa, da giginya guda ɗaya."

Na gane wurin. Na je na shige gaba a kan babur, tana bina a hankali har ƙofar gida.

Bayan mun ci abinci a ɗakin Inna na fara tsokanarta, na ce 'yar gari guda ta koma tambayar waya hanyar gidan ubanta. Ba ta ji haushi ba. Ta ce, "Ai ba laifin wayar ba ne. Mutane ne irinmu suke zana taswirar, kyauta, kowa ya sa abin da ya sani. Wanda ya zana nan a hoton sama ya ga gadar, bai taɓa taka ta ba. Ku da kuka sani ba ku gaya mata ba."

Ta karɓi wayata ta saka mini manhajar, ta nuna mini yadda ake sanar da cewa an rufe hanya, da yadda ake ƙara wadda babu. Na duba yankinmu. Sunan garinmu yana nan, shi kaɗai a tsakiyar fili fari. Kanal-kanal ɗin sun fito shuɗi, amma rabin hanyoyin da na ƙare ƙuruciyata a kansu babu su. Sai na ji wani iri, kamar an ɗauki hoton iyali ba a kira mu ba.

Daga ranar, in zan fita aiki sai in kunna wayar in jefa a aljihu, tana biye da sawuna. Bayan la'asar in zauna ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida in daidaita abin da ta ɗauko: nan mota tana wucewa, nan sai babur, wannan kwalbatin ya rufta. Da farko yatsuna ba sa bin umarnina, na taɓa jan hanya ta ratsa ta tsakiyar makabarta, sai da na kira ƙanwata ta koya mini gogewa. A hankali hannu ya faɗa. Da kakar tumatir ta zo, na ji wani direban babbar mota, baƙo daga kudu, yana gaya wa masu lodin kwanduna cewa waya ce ta kawo shi har bakin gona ba tare da ya tambayi kowa ba. Ranar na koma gida da fara'a.

Akwai wani dattijo makiyayi da nake yi wa shanunsa riga-kafi tun farkon aikina. Baffa nake ce masa, shi kuma yana ce mini Likita. Rugarsu ta daɗe a wurin, suna noma gero da dawa, suna kiwo. Wata rana na gama allura ina wanke hannu, ya ga ina latsa waya, ya tambaye ni abin da nake yi. Na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, ya gane kanal, ya gane kwanar kasuwa.

"To ina burtali?"

Burtali ita ce hanyar da shanu ke bi tsakanin gonaki zuwa mashaya. Na ce masa wannan taswirar ta masu mota ce.

"Na ji. Amma ka sa gadar da ka ce mota ba ta bi."

Ya gyara zama a kan tabarma ya ce, "Likita, lokacin da nake saurayi, shanu goma suna jerawa a burtalin nan kafaɗa da kafaɗa. Yanzu akwai inda uku ba sa wucewa. Ba wanda ya ƙwace shi rana ɗaya. Kowace shekara kunya ɗaya ake ci, wani ma bai san ya ci ba. Ina so a gan shi a wani wuri, ko bayan ba ni."

Na gaya masa gaskiya, cewa wannan ba takardar hukuma ba ce, ba za ta hana kowa shuka ba. Ya ce ya sani.

Muka sa rana. Da sassafe na ajiye babur a rugar, muka bi bayan garke a ƙasa, wayar tana aljihuna. Duk shekarun nan tsallaka burtalin nake yi, ban taɓa bin sa daga farko har ƙarshe ba. Raɓa ta jiƙa mini ƙafar wando. Balbelu suna sauka suna tashi a tsakanin shanun. Baffa yana tafe da sanda a kafaɗa, yana nuna mini abubuwa: tsamiyar da ake hutawa, wurin da wata rijiya ta taɓa kasancewa, inda aka dasa aduwa don a san iyaka. A wani wuri hanyar ta tsuke sosai, shanun suka koma bin juna ɗaya bayan ɗaya, ganyen albasa yana gogar kofatonsu. Mai gonar yana ban ruwa. Suka gaisa da Baffa, suka tambayi iyalin juna, muka wuce. Ba wanda ya ta da maganar.

Na zana shi a yammacin ranar. Bayan kwana uku na duba, babu shi. Wani ya goge, ya bar mini saƙo da Turanci cewa layin da na ja zai sa motoci su faɗa cikin gonaki. Raina ya ɗan sosu, amma da na sake karantawa na ga yana da gaskiya, don alamar hanyar mota na sa masa. Na ba shi amsa da Hausa, na bayyana masa mene ne burtali. Washegari amsa ta zo, ita ma da Hausa, irin ta wanda ya koya a bariki. Ya ce kakansa ma ya yi kiwo, a can ƙasarsu. Ya nuna mini alamar da ake sa wa turbar ƙafa, wadda manhajar ba za ta taɓa tura mota cikinta ba, ya ce in rubuta sunan yadda mutanen wurin suke faɗa. Har yau ban san ko shi wane ne ba, ban san garin da yake ba.

Na koma rugar ran kasuwar Kura da yamma. Baffa ya sa tabarau ɗinsa mai ɗaurin zare, na buɗe masa. Ga layin nan ɗigo-ɗigo, ya taso daga kusa da rugarsu, ya kewaye gonakin shinkafa, ya sauka bakin ruwa. Ya ce in karanta masa abin da aka rubuta. Na ce, "Burtali." Ya kira matarsa ta zo ta gani, ta leƙa ta kafaɗarsa, ta ce ita dai zare take gani, ta koma ta kawo mana fura da nono.

Yana bin layin da farce, sai ya tsaya. "Nan fa, ta rani ce ka sa. Da damina fadamar nan cika take, ta bayan tsamiya muke zagawa."

"Baffa, me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Ai ba ka tambaya ba, kuma ranar ba damina ba ce."

Sai da muka jira ruwa ya zauna sosai, gero ya kai ƙugu, sannan muka sake bi. Wannan karon na naɗe wayar a leda. Taɓo ya cinye mini takalmi ɗaya a bakin fadamar, na ƙarasa tafiyar ba takalmi, Baffa yana gaba yana dariya ƙasa-ƙasa, yana kiran shanunsa ɗaya bayan ɗaya.