Jinin Mutanen Tayuri

A shekarun da Libiya ta buɗe wa baƙar fata ƙofa, ana ta shelar cewa Afirka gida ɗaya ce, ni ina tura gadon marasa lafiya a wani asibiti a Sabha. Shara aka ɗauke ni yi, amma da aka ga ina jin Larabci sai na zama tafinta duk ranar da aka kawo mutanenmu na Nijar.

Akwai wani likita ɗan Sudan, dogo, mai shegen naci. Kullum maganarsa ɗaya: wata rana babbar mota za ta kife da matafiya a hanyar sahara, a kwaso mana su gaba ɗaya, kuma jinin da ke ajiye ba zai kai ko'ina ba. Ya sa aka ware ɗaki, aka jera katifu da ledojin ƙarin ruwa. Sannan ya ce in kawo masa mazan unguwarmu, Tayuri, a auna jinin kowa a rubuta irinsa, don ranar da abu ya faru a san ƙofar da za a buga.

Na kai maganar ranar Juma'a muna shan shayi. Wani magini mutumin Tawa, wanda muke kwana ɗaki ɗaya, ya dire kofinsa.

"Kai, wa ya aike ka? Su ɗebi jininmu su ce sun ga ciwo, su miƙa takarda ga shurɗa, a kore mu gida? Ni ba ni zuwa."

Jin an ambaci 'yan sanda, kowa ya kama kansa. Na san likitan nan ba zai ba da sunan kowa ba, amma na yi gum, don kada a ce na zama ɗan koren Larabawa. Shi ma likitan ban gaya masa gaskiya ba. In ya tambaya sai in ce, "Gobe, daktur, in Allah ya yarda." Da na faɗa masa tsoro ne, na tabbata da ya tako har Tayuri ya zauna a tabarmarmu ya lallashe su. Wata huɗu ina yi masa gobe, ban ji kunya ba.

Motar ta kife wata Talata da hantsi, kafin ta iso gari. Ina cikin tura gadajen waɗanda aka kwaso na ga fuskar ƙanin matata. Ni na aika masa ya zo, na ce akwai aikin gini. Cinyarsa ta karye, jini na zuba a cikinsa, kuma jininsa irin mai wuyar samu ne. Leda ɗaya ce ta irin jinin a asibitin, aka sa masa ta ƙare.

Likitan bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Je ka kawo su."

Na shiga Tayuri ina ihu kamar mahaukaci. Wallahi babu wanda ya yi maganar takarda. Suka bar siminti a kwaɓe, suka cika bayan mota biyu, maginin nan ne ma a gaba. Suka yi layi a baranda kowa ya naɗe hannun riga. Amma sai an auna mutum ɗaya bayan ɗaya, mai awon kuma shi kaɗai ne, ga sauran waɗanda suka ji ciwo suna jiransa.

Jininsu ya ceci mutane a ranar, na sani, kuma ina gode wa Allah. Ƙanin matata dai ya cika kafin la'asar, ina riƙe da ƙafarsa.

Ina zaune a bakin baranda mai awon ya leƙo da takarda yana murna, bai san an gama ba. Ya ce an samu wanda ya dace. Na ɗaga kai, sai ga maginin ya biyo shi, ya danne gwiwar hannunsa da auduga, yana tambayata inda yaron yake.