Ranar da Aka Auna Gayaunata

A gandu muke a lokacin, a ƙauyenmu kusa da Maska: gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Baba ke ciyar da kowa, har da Gwaggo da mijinta ya rasu, da Baffa, wansa makaho. Ni kuma ina da aure, ina da 'yar gayauna da nake nomawa in an tashi daga aikin gandu.

Shekarar da takin zamani ya shigo, na shuka sabuwar masara a gayaunar. Baba ya ce shi dawa ya sani, ba zai jingina cikin gidansa da shukar da sai an saya mata abinci ba.

Da kaka ta yi, masu binciken noma suka zo daga Funtua da sikeli, wai suna son sanin ko amfanin gona na ƙaruwa. Suka auna na gandu, suka auna nawa. Babbansu, bakinsa ba linzami, ya dubi Baba a gaban jama'a ya ce, "Malam, ai ɗanka ya fi ka nesa ba kusa ba."

Wa ya aike shi? Har yau ina jin haushin mutumin nan. Baba ya karkaɗe rigarsa ya yi gida.

Kwana uku abinci ba ya shiga mini. Tsorona kada ya sallame ni daga gandu, a ce na kunyata ubana.

A gidanmu, kullum da safe Baba ke auna wa mata hatsin yini da wata tsohuwar ƙwarya. Ba mai taɓa ta sai shi. Rana ta huɗu ya kira ni bakin rumbu, ya miƙo mini ita.

"Tunda sikeli ya ce kai ne manomi, riƙe. Baɗi ka shuka abin da ka ga dama a gandu."

Na san wuyar da na sha a layin taki kafin in samu buhu ɗaya. Masara in ba taki, kara kawai za ta yi. Dawa kuwa ko yaya ne tana kawo na tuwo.

Na ce, "Baba, in takin bai zo ba fa?"

Ya nuna Baffa, wanda ke zaune a tabarma da kwanonsa yana jiran koko.

"Sai ka je ka faɗa masa da bakinka."