Waƙar Niƙan Maiɗakina a Kasuwar Tasawa

Ban taɓa zama mai sauraron kiɗa ba. A makarantar mishan da na yi ina yaro an koya mana cewa kunne ma'aikaci ne kamar hannu, ba a barinsa ya yi yawon banza, kuma da wannan tarbiyyar na koyar a lakwal, wato makarantar boko, har na ajiye aiki. Saboda haka, ranar da na ratsa layin masu cajin wayar salula a kasuwar Tasawa, ban kula da abin da ke fitowa daga akwatunan sautinsu ba, sai da na ji muryar maiɗakina. A lokacin ta fi shekara a kabari.

Na tsaya cak. Wata ganga irin ta na'ura ce ke bugawa a ƙasa, a bisanta kuma ga muryarta, har da gurzar dutsen niƙa, har da numfashin da take ja idan ta tura ɗan dutsen gaba. Da ta kai ƙarshen baitinta sai muryar namiji ta shigo, tana zubo magana babu waƙafi. Ita ma na san ta. Ta ɗan ƙanena ce, wanda ya tashi a gidana.

Uban yaron ya tafi ci-rani arewa bai dawo ba, uwarsa kuma ta sake aure a wajen Mayahi, sai aka kawo mana shi bai daɗe da yaye ba. Maiɗakina ce ta goya shi. Yana ce mini Baba, yana ce mata Inna. Harshensa ya riga hannunsa tun yana ƙarami: zai ji darasi sau ɗaya ya maimaita shi ba tuntuɓe, amma ban taɓa samun shafi guda mai tsabta daga wurinsa ba. Idan aka aike shi ɗebo ruwa, tun daga nesa ake jin dawowarsa, yana zaune a amalanken jaki yana dukan jarka yana jera magana a kan duk wanda ya wuce. A kolej aka koro shi saboda baitocin da ya shirya wa mai kula da ladabin ɗalibai, waɗanda ajin gaba ɗaya ya haddace kafin a tashi. Na mayar da shi, ya sake fitowa da ƙafarsa. Daga nan ya kama aiki a rumfar cajin salula, ya samo wata tsohuwar kwamfuta mai tsagaggen gilashi, ya lulluɓe bangon shagon ƙofar gidana da tsofaffin tabarmi da kwalayen ƙwai, ya ce waƙa zai yi, irin wadda suke kira rap.

Na gaya masa cewa mu manoma ne tun kakanni, ba a taɓa roƙo a zuriyarmu ba. Ya amsa da ladabi cewa shi ba ya wasa kowa, ba ya kuma miƙa wa kowa hannu. Dole in faɗi gaskiya, ya tsaya a kan maganarsa. Lokacin zaɓe ƴan siyasa sun aiko masa, ya ƙi. Wani mai ɗakin ɗaukar waƙa daga Maraɗi ya zo har gida yana so ya ɗauke shi a ƙarƙashinsa, ya ƙi. Shi ke shirya kiɗansa, shi ke ɗauka, shi ke zuba wa mutane a ɗan katin nan na waya. Samari suna alfahari da cewa ba shi da ubangida. Ni kuwa wannan ne ya fi ba ni tsoro, domin aikin da babu mai duba shi kafin ya fita, ban taɓa ganin ya fita lafiya ba.

Sai in koma kan dutsen. Ko bayan da injin niƙa ya cika unguwa, ni ban yarda da garinsa ba, domin ina jin ƙaurin gazuwal, man injin, a tuwo. Maiɗakina ta ci gaba da niƙa nawa a dutse har ƙarfinta ya ƙare, kuma kamar sauran matan zamaninta, da waƙa take niƙa. Waƙar niƙa tana da doka, ko da yake ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya karanta mini ita. Mace tana iya faɗin abin da ta ga dama a bakin dutse. Miji ba ya ji, ko da yana zaune a inuwar rumbu kusa da ita. Ba ya tambaya, ba ya ramawa, kuma abin da aka faɗa ba ya ƙetare zaure. Na kiyaye wannan doka duk tsawon zamanmu, har ta kai ga da gaske ban san kalmomin ba. A kasuwa na fara jin su, tsakanin mai gyaran takalmi da mai sayar da goro:

Dutse, kai kaɗai ka san nauyina,
Gero ya yi laushi, ni ban yi ba.
Mai dogon yatsa yana nan tafe,
Zai nemi tsaki a garin da babu.

Ni ina da al'adar sa yatsa a gari in murza kafin a tuƙa. Duk wanda ya taɓa cin abinci a gidana ya san haka. Mai rumfar da waƙar ke fitowa, wanda na koyar da shi karatu a aji na farko, ya gaishe ni da girmamawa fiye da yadda ya saba, kuma bai rage sautin ba. Har yau ban yanke hukunci a kan ma'anar wannan gaisuwar ba.

Abu biyu nake so: a fitar da muryarta daga waƙar, kuma in san ko da saninta aka ɗauka. Na kira yaron bayan sallar azahar. Ya durƙusa, ya cire hular da yake juya bakinta baya. Ya ce a damanar ƙarshe da ta yi niƙa ya ɗauka, yana neman ƙarar dutsen kawai domin ya gina kiɗa a kanta. Ya ce ita ce ta hango wayar a hannunsa.

“Cewa ta yi in matso da ita kusa, Baba. Ta ce idan zan ɗauka, in ɗauka da kyau.”

Na ce ya kunna mini wurin da ta faɗi haka. Ya ce ya yanke farkon, domin katin ya cika a lokacin. Na tambaye shi yadda aka yi wurin da zai wanke shi ne kaɗai ya rasa wurin zama a katin. Ya juya hular a hannunsa. Na tambaye shi me ya sa bai fitar da waƙar tana da rai ba, sai da ta kwanta dama. Ya ce tana da rai yana jin kunyarta, bayan ta tafi kuma ya ji tsoron kada muryar ta ɓace tare da wayar. Amsa ce mai kyau. Kyawunta ne ya dame ni, domin sana'arsa ke nan, ya samo kalmar da ta dace kafin mutum ya rufe baki.

Mutum ɗaya ya rage da zai iya sanin wani abu, ita ce ƙanwar maiɗakina da ke aure a Korgom. Na hau bayan babur, a shekaruna, muka bi yashi. Na same ta tana sussukar wake a tsakar gida. Tsakanina da ita akwai wasa tun tana budurwa, kuma tsufa bai rage mata komai ba. Ta ce ashe har yanzu ƙashina yana jure babur, ta ɗauka na daɗe da zama kayan ajiya. Ta tambaya ko na zo neman aure ne, ta ce idan haka ne in koma, domin ita garin inji take ci kuma ba ta da niyyar tuba.

Ta riga ta ji waƙar, jikokinta suna da ita a waya. Ta ce tsohuwar waƙa ce, uwarsu ta yi ta, kakarsu ma ta yi, tun ba a haife ni ba. Na ce to mai dogon yatsa fa?

“Malam, kai kaɗai Allah ya yi wa yatsa? Ubanmu ma yana da shi, kuma ya fi naka tsawo.”

Ta faɗi haka tana dariya, ba ta ɗago daga waken ba. Na ce ta rera mini yadda uwarsu ke yi. Ta yi baiti biyun farko ba gargada. Da ta zo na uku sai tari ya kama ta, ta tura a kawo mata ruwa, ta shiga tambayata lafiyar ƴaƴana mata ɗaya bayan ɗaya. Game da ko yayarta ta san ana ɗauka, ta ce ba ta nan, amma ta san yayarta ba a yi mata abu a bayan kunne. Na dawo Tasawa da ƙura a rawani, ban ƙaru da komai ba. Mai yiwuwa gaskiya ta faɗa. Mai yiwuwa kuma ta tausaya wa tsoho, ko ta kare ɗan da yayarta ta goya.

A hanya na tsai da shawara. Ko ta yarda ko ba ta yarda ba, ko ni take nufi ko ubanta, muryar matar aure a bakin dutsenta ba kayan kasuwa ba ce. Na sa yaron ya buɗe kwamfutarsa a gabana. Ya nuna mini ainihin abin da ya ɗauka, muryarta ita kaɗai babu ganga, ya tambaya ko ina so in saurara kafin ya share. Na ce a'a. Ya sake tambaya, na sake cewa a'a. Ya share, na sa ya nuna mini cewa babu wani wurin da ya ɓoye ta, ko da yake na san idan ya ɓoye ba ni da idon da zan gane. Ya bayyana mini cewa wadda ta riga ta shiga wayoyin mutane ba ya da iko da ita, tana tafiya daga hannu zuwa hannu har ƙauyukan da bai taɓa zuwa ba. Na ce wannan tsakaninsa da Allah ne. Abin da nake nema shi ne kada ya ƙara sa muryarta da hannunsa a gaban jama'a. Ya yi alkawari.

Ba a daɗe ba aka gayyace shi wasa a gidan matasa, karo na farko da zai tsaya a dandali shi kaɗai ba a bayan wani ba. Bayan la'asar aka sa. Ban gaya wa kowa zan je ba, domin alkawarin da ba a duba ba ban ɗauke shi cikakke ba. Na tsaya can baya, kusa da masu sayar da ruwan leda. Wurin ya cika da samari da ƴan mata, da ƴan babur da suka jingina a kan baburansu. Ya yi waƙa a kan gonar gado da ake rabawa har rabon mutum ya koma faɗin tabarma. Ya yi wata a kan samarin da ke tafiya haƙar zinariya su dawo da tari. Na saurara da kunnen mai gyara, kuma ban sami kalmar batsa ba, ban ji ya ambaci sunan kowa don yabo ba. Yana haɗiye ƙarshen kalmomi, wannan kam har gobe aibi ne.

Daga ƙarshe jama'a suka fara kiran waƙar dutse. Ya ɗaga hannu ga abokinsa da ke riƙe da na'ura. Ganga ta fara. Na kasa kunne iyakar iyawata. Babu gurzar dutse, babu numfashi, babu muryarta. Inda ya kamata ta shigo, ya sauke abin maganar daga bakinsa, ya sunkuyar da kai, ya bar wurin fanko.

Jama'a suka cike shi. Tun daga gaban dandali har inda nake tsaye, suka ɗauki baitocin nan huɗu da murya ɗaya, har yarinyar da ke sayar da ruwa a gefena. Sun yi su da sauri fiye da kima, suna tsalle, domin babu wanda ya taɓa durƙusawa a bakin dutse a cikinsu, ba su san inda ake jan numfashi ba. Duk lokacin da wurin ya zagayo sai su sake, shi kuma yana tsaye kansa a ƙasa, bakinsa a rufe. Wasu da suka gane ni suka juyo, suka kau da kai da sauri.

Ban jira an watse ba. Na isa gida na yi alwala, ina zaune a zaure ina jiran magariba sai ga shi ya shigo, rigarsa jiƙe da gumi. Wani ya riga ya gaya masa na je. Ya cire takalmi, ya durƙusa nesa kaɗan.

“Baba, na cika alkawari?”

Na ce ya cika, domin ya cika, kuma ba zan ce wa mutum ya saɓa abin da bai saɓa ba. Na so in tambaye shi ko tun ranar da ya yi alkawarin ya san abin da jama'a za su yi, ko ma saboda ya sani ne ya yi saurin amincewa. Ban tambaya ba, domin na san zai ba ni amsa mai kyau. Na dai duba fuskarsa da kyau, ina neman alamar murmushi ko ta kunya. Ban ga ko ɗaya ba. Amma a gidana ya tashi, a nan ya koyi yadda ake riƙe fuska.